Baƙo a Akushin Baba

A shekarun da sabulu ya zama abin da ake bi wa layi, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar kwana da ke tsakanin Dawakin Tofa da ƙauyenmu. Kullum sai na zana wa yara taswirar ruwan sama a allo, in yi mata kibiyoyi masu kyau daga teku har zuwa kanmu, alhali a sararin Allah babu ko ɗigo. Gero ya riƙa fitowa yana ƙonewa tun bai kai gwiwa ba. Albashi kuma ya koyi yanga, sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ma ka tarar ya rame a hanya.

Gidanmu gidan gandu ne. Baba ne maigida, sai Inna, sai yayyena da matansu, sai jikoki da ba a ƙirga su sai dai a kore su daga bakin tukunya. Ni a gida nake kwana, in hau keke da safe in tafi makaranta, in dawo bayan la'asar.

Baba dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin magana. Idan yana ba ka labari, kafin ka fahimci farkonsa ya shiga wani. To a ranin da ya biyo bayan farin, sai mutumin nan ya fara lafawa. Akushinsa, wanda ake kai masa zaure shi kaɗai kamar yadda ake yi wa kowane maigida, ya riƙa dawowa cikin gida kusan yadda ya fita. Fatarsa ta bushe, in ya sosa hannu sai ka ga farin layi kamar an ja alli. Gwiwoyinsa suna ƙas-ƙas idan zai yi sujada. Barci ya guje shi, in kuma ya daure ya ci loma kaɗan sai ciki ya kumbura.

Na kai shi asibiti a birni. Likita ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce bai ga wani ciwo ba, tsohon dai ya riƙa cin abinci. A mota muna dawowa Baba ya ce, "Yanzu saboda Allah sai da muka zo har birni don a gaya mini abin da Innarku ke gaya mini safe da yamma?"

Da bazara ta kama, ana gyaran gonaki ana kai taki, sai ya kira mu ya ce, "Bana ku yi shukarku. Ni na gaji." Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an jefa ƙwayar iri a gandunmu ba sai Baba ya sari ramin farko. Inna ta bari muka watse. Daga baya ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ka ji ni da kyau. Manomin da ya zauna a zaure ana shuka, ba ya sake tashi. Na ga na ubana. In ruwa ya sauka Babanku bai fita gona ba, to ku fara haƙuri." Daga ranar, abin da ke gabanmu ke nan: Baba ya ci, ya yi ƙarfi, kafin ruwan shuka.

A lokacin makarantunmu cike suke da malamai 'yan Indiya. Namu malamin lissafi ne, gajere mai tumbi da tabarau, kowa Malam Ba'indiye yake kiransa, matarsa kuwa Madam. Gidansu na cikin makaranta, idan ka wuce ta bayansa da rana ƙamshin kayan yaji kaɗai ya isa ya sa ka yi atishawa. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: ba ya ganin ɗan Adam sai ya raba shi gida uku.

Abin ya samo shi ne daga Madam, wadda kakanta mai magani ne a ƙasarsu, irin maganin gargajiyarsu da suke kira Ayurveda. A cewarsu, jikin kowane mutum abu uku ke tafiyar da shi, suna ce musu dosha. Akwai vata, wato iska da bushewa da sanyi, ita ke motsa komai a jiki. Akwai pitta, wato wuta, ita ke narka abinci, ita ke kawo kaifin basira da kaifin baki. Akwai kuma kapha, ruwa da ƙasa, nauyi da danshi da haƙuri. Kowa da wadda ta fi rinjaye a halittarsa, kuma lafiya ita ce kowace ta tsaya a ma'auninta. In ɗaya ta yi yawa, sai a kwantar da ita da kishiyar halinta: a ba wa bushewa maiƙo, a ba wa sanyi ɗumi, a ba wa nauyi motsi.

Ban yi mamaki sosai ba, domin na taɓa leƙa littattafan ɗibbu na malamanmu na zaure, su ma suna maganar zafi da sanyi da danshi da bushewa. Na gaya wa Malam Ba'indiye mu namu huɗu ne. Ya ce ai shi ya sa muke daɗewa a kan hanya, kayan sun yi mana yawa. A ɗakin malamai kuwa ya gama raba mu tuntuni. Shugaban makaranta wuta ne zalla, ya ce kada a kai masa takardar neman izini sai bayan ya ci abinci. Malamin da ke kula da sito ruwa da ƙasa ne, ko gobara aka yi sai ya gama shayinsa. Ni kuma iska ce, shi ya sa nake fara darasi a kogin Kwara in ƙare a kan farashin dawa a Dawanau.

Wata rana ya ga na yi shiru a ɗakin malamai, abin da ba halina ba, ya tambaye ni. Na ba shi labarin Baba. Ranar Asabar sai ga su a ƙofar gidanmu a kan babur ɗinsa, Madam ta zauna a karkace ta riƙe gyalenta.

Nan aka fara samun cikas. Madam ta saba gane ciwo ta hanyar ɗora yatsu uku a wuyan hannun mutum. Baba kuwa da ya fahimci matar wani ce za ta riƙe masa hannu, sai ya tura hannayen biyu cikin aljihun riga ya ce lafiyarsa ƙalau. Aka daidaita a kan ta shiga cikin gida ta tambayi Inna, ni in yi tafinta. Ta tambayi barcinsa, da fatarsa, da ko yana jin sanyi a tafin ƙafa. Duk na fassara. Sai ta tambayi yadda yake fama idan ya zaga bayan gida. Na tsaya ina kallon katanga.

Inna ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Inna, wannan tambayar ba ta fassaruwa."

Ta dube ni, ta dubi Madam, ta ce, "Fita ka ba mu wuri, ɗan boko." Na fita. Yadda suka yi ban sani ba, Inna ba Turanci, Madam kuma ba Hausa, amma na jiyo dariyarsu har zaure.

Hukuncin Madam shi ne iska ta yi wa Baba yawa. Dama halittarsa ce, ga fari, ga tunani, ga rashin ci, duk busassun abubuwa. Ta hana shi ruwan randa mai sanyi, sai mai ɗumi. Ta ce a riƙa shafa masa man riɗi a gwiwa da tafin ƙafa. Babban maganin kuma abinci ne da za ta riƙa dafawa da kanta: shinkafa da ƙananan wake, a dafa su lugub har su zama wani abu tsakanin fate da kunu, a sa man shanu da citta da kurkum da ɗan hulba. A ci da zafinsa, a kan lokaci ɗaya kullum.

Baba ya tambayi abu ɗaya: wa ya yanka naman? Na ce ai mutanen nan ko ƙwai ba sa ci. Ya jinjina kai cikin tausayi ya ce, "Allah sarki. Su ma farin ya taɓa su ke nan."

Haka na zama ɗan aike. Kullum in an tashi daga makaranta in ɗauro kwanon Madam a bayan keke, an naɗe shi da tawul don kada ya huce, in miƙa a zaure in wuce ciki. Kwano kuma yana fitowa tas kamar an wanke. Inna ba ta yarda a mayar da kwanon mutane haka nan ba, don haka yau ta zuba gyaɗa, gobe garin kuka, jibi nono. Madam ta karɓi garin kuka ta yi ta juya shi, ta aiko a tambaya ko shafawa ake yi.

Bayan 'yan makonni na lura da abu biyu. Baba yana nan yadda yake, har ma ya ƙara zabgewa. Jikoki kuwa sun yi sumul, kumatu sai ƙyalli, leɓunansu rawaya kamar sun ci ɗorawa. Rannan sai na ajiye kwano na laɓe a bayan ƙofar zaure. Baba ya buɗe, ya shinshina, ya ɗan lasa da yatsa, sannan ya ɗaga murya.

"Ina matan nawa? Ku zo ga cefane na kawo. Kai kuma mai ƙaton kai, ɓarawon matata, matso, ba don halinka ba."

Suka baibaye shi kamar 'yan tsaki. Yana raba musu loma-loma yana tsokanar su, su kuma suna ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Na fito na ce, "Baba, wannan fa magani ne."

Ya ce, "Magani? Kai da iliminka? Ka taɓa jin magani da man shanu? Magani ɗaci gare shi. Wannan abinci ne, abincin ma na masu hali. Kuma ni ban iya haɗiye abin daɗi yara na kallon maƙogwarona a irin wannan shekara ba."

Na kai wa Madam rahoto. Na ba da shawarar a ɗiga ruwan darbejiya a ciki, yadda yara za su guje shi, Baba kuma ya yarda magani ne. Ta kama kai. Ta ce ɗaci ai iska yake ƙarawa, in aka sa darbejiya gara ma a bar shi da yunwarsa. Aka rasa yadda za a yi. Ga gajimare ya fara taruwa ta gabas yana watsewa.

Malam Ba'indiye, da yake mutumin lissafi ne, ya ce shi sai ya ga matsalar da idonsa. Washegari ya ɗauko kwanon da kansa, muka iso tare. Ya yi sallama da irin Hausarsa, ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar Baba ya tanƙwashe ƙafa, ya buɗe kwano. Niyyarsa ya yi wa Baba bayanin amfanin kowane haɗi. Amma Baba abin da ya gani daban: ga baƙo a zaurensa, ga abinci a buɗe. Ya kira a kawo akushi da ruwan wanke hannu, ya juye abincin, ya ce, "Bismillah, Malam."

Malam Ba'indiye ya dube ni. Na ce masa a hankali, "Ka ci. In ka ƙi, ka zage shi."

Ya sa hannu. Baba ma ya sa hannu, domin ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai kamar maroƙi. Jikoki suka leƙo, suka ga baƙo, suka koma da gudu, don duk rashin jinsu sun san ba a tsayawa a kan abincin baƙo. Sannan ga abin da ya gyara komai: a tarbiyyar Baba, mai masauki ba ya tsame hannu ya bar baƙonsa, kada baƙon ya ji kunya ya tashi da yunwa. Malam Ba'indiye kuwa ban taɓa ganin mai jinkirin ci kamarsa ba. Zai ɗauki loma, ya riƙe ta a sama, ya yi jawabi, ya tauna kamar yana gyara jarrabawa. Baba ya yi ta jira baƙo ya ƙoshi, yana ɗan tsakura don taya shi, tsakura ta zama loma, har akushi ya nuna gindinsa.

Da baƙo ya tafi Baba ya jingina da bango yana gumi ya ce, "Wannan bawan Allah yunwa gare shi. Dubi yadda ya cinye abincin nan."

Inna tana bayan ƙofa tana ji. Ta kira ni ta ce, "Ka gaya masa gobe ma ya dawo. Ka ce Babanku ya ji daɗin hirarsa." Shi kuma Baba ta ce masa ai mutumin baƙo ne a ƙasar nan, ba dangi ba kowa, cin abinci shi kaɗai ya ishe shi, lada ne a taya shi. Kowannensu ya ɗauka shi ke taimakon ɗan'uwansa, kuma in aka duba da kyau babu wanda aka yi wa ƙarya.

Haka aka shiga. Kullum bayan la'asar sai ka ji ƙarar babur. Da fari ina zama in yi tafinta, daga baya suka sallame ni, wai ina rage wa zance gishiri. Ashe mahaifin Malam Ba'indiye ma manomi ne, su ma can ruwa suke jira wata da watanni suna kallon sama, su ma suna da gero. Da Baba ya ji akwai gero a Indiya sai mutumin ya ƙara daraja a idonsa. Suka yi ta gardama a kan tazarar shuka, suna zane a ƙasa da tsinke. Batun nama ne kawai suka kasa daidaitawa.

"Malam, yanzu duk tsawon ranka ba ka taɓa cin tsire ba?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Balangu fa?"

"Babu."

"To wannan tumbin, a ina ka samo shi?"

Malam Ba'indiye ya shafa cikinsa ya ce ruwa da ƙasa ne, gadon gidansu. Baba ya ce lallai ƙasar mai taki ce.

Shinkafa ta yi wuya a lokacin, ko mai kuɗi sai ya san wani. Da ta Madam ta ƙare, sai girkin ya dawo gidanmu. Ita da Inna suka tsuguna a madafi, suka gwada tsakin gero a madadin shinkafa. Madam ta ce gero busasshe ne, sai an ƙara man shanu an kuma dafa shi ya yi laushi sosai. Inna ta nuna mata da hannu cewa ita ta san gero tun kafin a haifi Madam. Da tukunya ta zama tamu, sai aka riƙa ƙara ruwa ana faɗaɗa ta, yara ma suna samun nasu a cikin gida, Baba kuma ya daina kasa kunne wajen ƙofa idan yana ci. Man riɗin dai Baba ya rantse ba mai shafa masa kamar jariri, amma kwalbar tana raguwa, zauren kuma yana ƙamshin riɗi.

Ban san me ya yi aikin ba. Ko citta ce da man shanu, ko iskar ce ta kwanta kamar yadda Madam ta ce, ko kuwa mutum ne kawai ya samu abokin ci da abokin gardama. Na karanta abin da ya sawwaƙa a rayuwata, ban kai ga raba wannan shari'a ba. Abin da na gani shi ne barci ya dawo, farin layin ya bar fatarsa, kuma muryarsa ta dawo fiye da yadda muke bukata. Ya fara da yayana, wai takin da aka kai gona ko kaza ba za ta yi alfahari da shi ba. Ya dawo kaina, wai kekena na ajiye a hanyar mutane. Har akuyar maƙwabta ta samu rabonta.

Madam ta ji labari ta ce to yanzu kuma wuta ce ta fara tashi, a rage citta, a ƙara nono, daidaito ake nema. Na fassara wa Inna. Ta ce, "Ka ce mata na gode, amma ta bar mini cittata. Wannan mai faɗan shi na aura. Wancan mai shirun ban san shi ba." Aka rage rabi, don kada a ɓata wa kowa.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis, ya kwana yana zuba. Da safe ƙamshin ƙasa ya cika gari, ko'ina sai ƙarar ƙofofi da kiran yara. Muka fito da iri a ƙwarya, muka tsaya a ƙofar zaure. Baba yana zaune yana jan carbi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke jira? Ku ɗauko mini sungumina mana. Ko so kuke ƙasa ta bushe kuna kallona?"

Inna ta juya ta shige ciki da sauri, wai ta bar wani abu a wuta.

Muna isa gona sai ga babur yana tangaɗi a cikin taɓo. Malam Ba'indiye ne, ya roƙi wani ya riƙe masa aji. Baba ya sari ramin farko da bismillah, ya ci gaba yana sara yana takawa, ya ce baƙonsa ne zai bi shi da iri. Mutumin ya karɓi ƙoƙo, yana jefa iri yana rufewa da takalmi sau ciki mai sheƙi.

"Malam, cire takalmin nan! Da dunduniya ake rufewa. Haka babanka ya koya maka?"

Ya cire, ya naɗe wando, ya bi bayan Baba yana haki. Layinsa ya karkace kamar hanyar maciji, abin kunya ga malamin lissafi, Baba kuma bai bar shi ya manta ba har suka kai ƙarshen gona.

Da hantsi ya yi Malam Ba'indiye ya koma makaranta, ƙafafunsa duk laka. Mu muka ci gaba, ni dama ba ni da aji a ranar. Can rana ta ɗaga, sai Baba ya dogara sungumi, ya share goshi, ya waiga wajen hanyar gida.

"Wai ina furar ne? Ko an haɗa baki a kashe ni da yunwa a gonata?"

Aka kawo ƙwarya. Ya zauna a gindin ɗorawa, ya karɓi ludayi, ya sha shi kaɗai har ya kanƙare gindin, bai ko tambayi wanda bai samu ba.